Goge rubutu daban, tuba daban: Jawabi ga matasan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Wannan jawabi ne da wani Malami ya gabatar a zaman ta'alim na 'yan uwa matasa a garin Ƙanƙara, wanda ya samu halartar 'yan uwa daga Faskari da Sabuwa da ƙauyukan da ke kewaye. Maudu'in zaman shi ne al'adar nan da ta shigo, ta share tsofaffin rubuce-rubuce a Facebook da sauran kafafen sada zumunta a duk lokacin da mutum yake neman aiki ko muƙami. A sha karatu lafiya.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T), ya yi salati ga Manzon Rahama (S) da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa managarta, Malamin ya fara da cewa akwai wata tambaya da take ta maimaituwa a bakin matasa a 'yan shekarun nan. Yaro ya gama makaranta, ya yi hidimar ƙasa, ya cike fom na neman aikin koyarwa ko na asibiti ko na ɗamara, ko kuwa wani ɗan siyasa ya yi masa alƙawarin muƙami, sai wani babba ya ja shi gefe ya ce masa ya je ya share shafinsa tukuna, domin ana dubawa. Sai ka ga ya kwana riƙe da waya, yana bin abin da ya rubuta shekaru biyar ko goma da suka wuce yana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Da gari ya waye sai ya zo yana tambaya, shin wannan abin da ya yi halal ne ko haram?

Malamin ya ce wannan tambaya ba a amsa ta da kalma ɗaya, domin abubuwa biyu ne suka sa riga iri ɗaya. Akwai gogewar da take wajibi, wadda mutum yana da zunubi in bai yi ta ba. Akwai kuma gogewar da take cin amana. Duk da yatsa ɗaya ake yinsu, kuma a waya ɗaya. Abin da ya raba su shi ne, me aka goge, kuma don idon wa aka goge.

Ya ce da farko ya kamata a yi wa matasan nan adalci, domin tsoron da suke ji ba daga sama ya faɗo ba. Ya tunatar da cewa a ranar 27 ga Fabrairun 2021 gwamnatin Kano ta Abdullahi Umar Ganduje ta sallami mai ba Gwamna shawara kan yaɗa labarai, Salihu Tanko Yakasai, bayan abin da ya rubuta a Twitter yana sukar gwamnatin Buhari kan sace 'yan matan makarantar Jangebe, har jami'an tsaron farin kaya suka tsare shi. A watan Nuwamban 2022 kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a kan wani rubutu da ya yi game da matar Shugaban ƙasa tun watan Yuni, aka kai shi kotu a Abuja, sai daga baya aka janye ƙarar. Akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi ta amfani da sashenta na 24 wajen gurfanar da 'yan jarida da masu rubutu, kafin a yi mata gyara a 2024. Hatta ƙasar Amurka, tun daga 2019 take neman mai neman biza ya rubuta sunayen shafukan da ya yi amfani da su a shekaru biyar na baya. Saboda haka, in ji shi, wanda ya ce ana dubawa bai yi ƙarya ba. Ana dubawa.

"To, amma ka sani," in ji Malamin, "ita gogewar ma ba ta ba ka abin da kake nema. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. Kai ka goge a wayarka, amma wanda ya ɗauki hoton rubutun ran da ka yi shi fa? Wanda ya tura shi zauren WhatsApp na unguwarku fa? Wayarsa tana hannunka ne?" Ya ƙara da cewa a Amurka akwai wata ma'ajiya da ake kira Internet Archive, wadda tun 1996 aikinta shi ne kwafe shafukan intanet tana adanawa. Ya kuma kawo misalin Dokta Isa Ali Pantami, wanda a watan Afrilun 2021, yana Ministan Sadarwa, aka tono wasu karatuttukansa da aka ɗauka a kaset tun a shekarun 2000, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansu a ƙasar nan, har ya fito ya ce wasu maganganun ya yi su ne yana da ƙuruciya kuma ya canza fahimta a kansu. Malamin ya ce ba ya kawo wannan don ya yanke wa kowa hukunci ba ne, illa iyaka don a ga cewa in maganar da aka naɗa a kaset ta iya tasowa bayan shekaru goma sha, kuma ta taso wa Ministan da harkar sadarwar ƙasar gaba ɗaya take ƙarƙashinsa, to ina ga ɗan makarantar da yake Sabuwa da ƙaramar wayarsa?

Daga nan sai ya juya ga abin da ya kira asalin magana. Ya ce duk wannan rajistar mutane ce, wadda takan ɓace, takan ƙone, wani lokaci ma a sayi mai riƙe da ita. Amma akwai rajistar da mumini ya yi imani da ita tun kafin a ƙirƙiro waya. Allah (T) ya sanar da mu a Suratu Ƙaf cewa babu wata kalma da take fita daga bakin ɗan Adam face akwai mai tsaro a shirye yana rubutawa, kuma a Suratul Kahfi ya ba mu labarin yadda masu laifi za su firgita ran da aka ajiye littafi, saboda sun tarar bai bar ƙarami ko babba ba. Malamai kuwa sun ce alƙalami ɗayan harsuna biyu ne, saboda haka abin da yatsa ya rubuta hukuncinsa hukuncin abin da baki ya faɗa ne. Ya ce abin mamaki shi ne mutum ya shekara bakwai da zagin wani bawan Allah a shafinsa, bai taɓa hana shi barci ba alhali ya san Mala'iku sun rubuta, amma ran da aka ce masa wani Darakta zai duba, a ranar ya kasa barci. "Wannan shi ne ma'aunin," in ji shi. "Ka tambayi zuciyarka, wa kake jin kunya?"

Malamin ya ce duk wanda ya zauna zai duba tsohon shafinsa, to ya kasa abin da zai tarar kashi uku.

Kashi na farko shi ne abin da yake tsakaninsa da Ubangijinsa kawai: maganganun batsa na ƙuruciya, hotunan da ba su dace ba, alfahari da saɓo, wasa da abin da ba a wasa da shi. Wannan ya goge shi yau, kada ya jira gobe, kuma kada ya ba kowa labari. Addini yana son sutura, kuma ya zo a hadisi cewa ana tsoratar da wanda Allah ya rufa masa asiri da dare, shi kuma ya wayi gari yana tona wa kansa. Ko da neman aiki ne ya tunatar da shi, babu laifi, sau da yawa buƙatar duniya takan zama sanadin farkawa. Abin da ake so shi ne ya gyara niyya, ya haɗa gogewar da nadama da istigfari, ya ƙudurce ba zai koma ba. In ya yi haka, babu wanda yake da ikon ya riƙa goranta masa abin da ya wuce.

Kashi na biyu shi ne abin da ya shafi haƙƙin mutane, kuma a nan Malamin ya daɗe yana bayani, domin a cewarsa yankin nan ya sha wuya a kan wannan. Ya ce shekarun nan na tashin hankali sun sa mutane sun rubuta abubuwa cikin zafin rai. Wani ya sa hoton maƙwabcinsa ya ce infoma ne, alhali ji ya yi a majalisa, bai gani ba, bai bincika ba. A garin da ake kwana da tsoro, kalmar infoma tana iya zama hukuncin kisa a kan mutum, ko ta sa a kori iyalinsa, ko 'ya'yansa mata su rasa masu aure. Wani ya yi wa Fulani kuɗin goro ya zage su ƙabila guda, alhali a cikinsu akwai waɗanda aka kore wa shanu aka kashe wa 'ya'ya kamar kowa. Wani ya yaɗa hoton gawar da iyalanta ba su ma samu labari ba tukuna. Wani ya sa fuskokin matan da aka sako daga daji bayan an biya kuɗin fansa, yana ganin tausayi ya nuna, alhali ya jawo masu tabon da zai bi su har gidan miji. Wani kuma ya tura labarin harin da ba a kai ba, mutane suka kwana a gona. Suratul Hujurat, in ji shi, ta yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma hana zato da bin diddigin asirin mutane da giba, duk a sura ɗaya.

Irin wannan, a cewar Malamin, goge shi wajibi ne, amma gogewa kaɗai ba ta sauke nauyi. Wanda ya watsa wa mutum ƙasa a ido a tsakiyar kasuwa, ba zai koma gida ya wanke hannunsa ya ce shi kenan ba. Sai ya nemi mutumin ya roƙe shi gafara, in ya rasu ya nemi magadansa, sannan ya koma wurin da ya yi ɓarnar ya rubuta ƙarara cewa abin da ya faɗa a kan wane ba gaskiya ba ne. Ya ce a Suratul Baƙara, inda Allah (T) ya yi magana a kan waɗanda suka ɓoye gaskiya, sharuɗɗa uku ya ambata ga wanda yake son a karɓe shi: ya tuba, ya gyara, ya kuma bayyana. Mai neman aiki yakan tsallake na ukun, domin shi so yake a manta, ba so yake a gyara ba. Alhali shi wanda aka yi wa ƙazafin har yanzu yana yawo da tabon a cikin gari, kuma ranar hisabi da lada ake biya, ba da Naira ba.

Ya ce mutanen Ƙanƙara da Faskari sun fi kowa sanin tuban da ake yi don idon hukuma. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban garin nan, a watan Fabrairun 2021 ya miƙa makamai a Gusau, ya rantse da Alƙur'ani a gaban kyamara, aka ce ya tuba. Kafin ƙarshen watan Afrilu ya koma daji, a can kuma aka kashe shi. Malamin ya ce ba yana kwatanta yaron da ya yi rubutu da ɗan bindiga ba ne, Allah ya kiyaye. Darasin kawai shi ne, tuban da aka yi don samun wani abu a hannun mutane, ƙarkonsa daidai yake da ƙarkon abin da aka samu.

Kashi na uku kuwa shi ne shaidar gaskiya, kuma shi ne wanda aka fi matsa wa matasa su goge. Malamin ya ce kowa a zauren nan yana tune da daren Juma'a 11 ga Disambar 2020, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan yara cikin daji da ƙafa, a ranar da Shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sauka Daura. A kwanakin farko ko adadin yaran ba a daidaita a kai ba. Iyaye ne suka tsaya a ƙofar makaranta, matasan garin kuma suka riƙa rubutawa, suna sa hotunan ɗakunan kwana da takalman da aka bari a warwatse, har duniya ta juyo, kuma a ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Haka nan harin Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari a watan Yunin 2020, inda aka kashe bayin Allah masu yawa da rana tsaka, mutanen yankin ne suka fara fitar da labarin. Da yawa daga cikin ƙauyukan Sabuwa da aka tasa, ba wata jarida da ta je, ba wani ɗan rahoto da ya taka, abin da ya rage na tarihinsu shi ne layi uku da wani yaro ya rubuta a Facebook da kwanan wata a kai.

"Yanzu kai ne yaron," in ji Malamin. "An ce za a ba ka aiki, sai ka je ka goge layi ukun nan. Wa ka goge? Marayun garin ka goge. Ka ce da duniya ba a yi ba." Ya tunatar da cewa a watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, bayan ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, da hujjar toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai masu rahoto. Ko me mutum zai ce game da amfanin matakin, kowa ya ɗanɗana yadda rayuwa take a watannin nan, a kai hari a rasa yadda za a sanar, sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu sabis a gaya wa ɗan uwa an yi rasuwa. Ya ce wancan shirun dole aka yi wa mutane, ba su da zunubinsa. Amma wanda ya bi shaidarsa ya share da hannunsa don a ɗauke shi aiki, shi ya katse wa garinsu layi da kansa. Kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya yi hani ga ɓoye shaida, ya danganta zunubin hakan ga zuciya.

Ya ci gaba da cewa wannan ba yana nufin duk abin da aka rubuta a kan masu mulki ya zama shaida ba. In a cikin rubutun akwai ashar, ko zagin iyayen wani, ko tuhumar da ba ka da hujja a kanta, to cire wannan, domin zalunci ba ya halatta ko a kan azzalumi. Amma ka bar gaskiyar a inda take: ranar kaza an shiga gari kaza, an kashe mutum kaza, an kira ba a zo ba. Ya ce almajiri ba ya wanke allonsa sai ya haddace abin da yake kai, ya kuma biya wa Malam. Wanda ya wanke kafin ya riƙe, ya yi asarar tawada da karatu gaba ɗaya. Al'ummar da take wanke allonta duk lokacin da aka yi sabon Gwamna ko aka buɗe ɗaukar ma'aikata, kullum a farkon karatu za ta zauna, kuma abin da ya same ta jiya zai sake samunta gobe.

Game da arziki kuwa, Malamin ya ce ba a hana kowa neman aiki ba, hasali ma yankin nan yana buƙatar 'ya'yansa a asibitoci da makarantu da ofisoshi. Sai dai matashi ya yi wa kansa lissafi. Ofishin da sharaɗin shigarsa shi ne ka musanta abin da idonka ya gani, sharaɗin zama a cikinsa ma shi ne ka ci gaba da rufe ido. Yau layi uku aka ce ka goge, gobe fayil za a miƙo maka a ce ka sa hannu. Arziki kuwa a hannun Allah yake, ba a hannun mai intabiyu ba, kuma mutuncin da ake tsarewa da ƙarya, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Bayan kammala jawabin an ba da dama ga masu tambaya. Wani ɗan uwa daga Sabuwa ya tambaya game da wanda yake tsoron rayuwarsa, ba aikinsa ba, domin 'yan bindiga da masu kai masu rahoto su ma suna karanta abin da ake rubutawa. Malamin ya amsa da cewa wannan babi ne daban, kare rai yana gaba. Wanda rubutunsa ya nuna gidansa, ko fuskokin 'yan sa-kai, ko hanyar da mutane suke bi su tsere, ko yawan amfanin gonar da wani ya samu, ya cire shi ba tare da wani ƙunci a zuciya ba. Sai dai kafin ya cire ya kwafe shi da kwanan watansa, ya rubuta a takarda, ya damƙa wa amintattu su ajiye, domin akwai ranar da za a nemi sunayen waɗanda aka kashe da garuruwan da aka tasa. Ya ce kowa ya san bambancin tsoron bindiga da tsoron rasa alawus, kada mutum ya yaudari kansa ya sa wa ɗaya rigar ɗaya.

Wata 'yar uwa kuma ta aiko da tambaya a rubuce, cewa in mutum ya rufe tsohon shafinsa gaba ɗaya, sannan aka tambaye shi a fom ko ya taɓa mallakar wani shafi, zai iya cewa a'a? Malamin ya ce rufe shafi haƙƙinsa ne, ba wanda ya wajabta wa Musulmi zama a Facebook, kuma wani ma barinsa ya fi masa alheri a addininsa. Amma in aka yi masa tambaya kai tsaye ya ce bai taɓa yi ba, wannan ƙarya ce, kuma ko a wajen masu fom ɗin, kama mutum da ƙarya ya fi tsohon rubutunsa muni. Gara ya ce ya yi, yana yaro ya rubuta kaza, yanzu ga inda ya tsaya.

Wani dattijo daga Faskari ya nemi a ja kunnen masu tono tsofaffin rubuce-rubucen mutane don su hana su aiki ko aure. Malamin ya ce wannan gaskiya ne, kuma laifinsu bai gaza na mai rubutun ba. Wanda ya ajiye hoton kuskuren ɗan uwansa shekara da shekaru yana jiran ranar da zai ɗaga, bin diddigin asiri yake yi, wanda aka hana. Sai fa in mutum yana neman shugabancin jama'a ne, kuma abin da ya faɗa a bainar jama'a ya shafi amanar da zai riƙe, to nan jama'a suna da haƙƙin su tambaye shi, shi kuma ya yi masu bayani.

A ƙarshe ya yi kira ga 'yan uwa da kowa ya samu lokaci a cikin makon nan ya zauna da shafinsa, ba don an ce ana ɗaukar aiki ba. Abin da yake saɓo ya goge ya nemi gafarar Allah, abin da yake haƙƙin wani ya goge ya je ya nemi yafiya ya kuma bayyana, abin da yake shaida ya bar shi ya tsaya a kansa. Daga yau kuma kafin ya danna ya tura, ya tambayi kansa ko zai iya karanta wannan rubutu a gaban wanda ya rubuta a kansa, da kuma a gaban Ubangijinsa.

An rufe zaman da addu'ar Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran garuruwan Musulmi, ya kuɓutar da waɗanda suke hannun 'yan bindiga, ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, ya kuma ba matasa sana'a ta halal wadda ba sai sun sayar da shaidarsu ba.